Yafiya da Riƙo: Tambayoyin da Masu Bi a Jos Suke Yawan Yi

Waɗannan tambayoyi su ne suke ta dawowa a ajin nazarin Littafi Mai Tsarki, a taron Zumuntar Mata, a ƙungiyar matasa, da kuma wurin zaman sulhu gaban dattawan ikilisiya a Jos da Bukuru. Wasu kan bashi ne da gado, wasu kan aure, wasu kuwa kan jini. An fara da masu sauƙi, an sa musu lamba don a iya komawa daga wata amsa zuwa wata.

1. Idan an ce in yafe, me ake so in yi?

Wanda ya cuce ka ya ɗauki haƙƙinka, zuciya kuwa tana so ya biya, ko da kunya, ko da asara, ko da hawaye. Yafiya ita ce ka janye hannunka daga karɓar wannan biya da kanka. Ka bar ramuwa, ka bar yi masa fatan sharri, ka miƙa shari'arsa ga Allah wanda ya ce ramuwa tasa ce (Romawa 12:19). Laifin yana nan a matsayinsa na laifi. Ba wanda ya ce ka mai da shi ƙaramin abu.

Kirista ba don sanyin hali yake yafewa ba, ba kuma don mai laifin ya cancanta ba. Afisawa 4:32 da Kolosiyawa 3:13 sun ɗora abin a kan tushe ɗaya: ku yafe wa juna yadda Allah ya yafe muku cikin Almasihu. Allah ne ya fara. Mu ma da bakinmu muke roƙo cikin Addu'ar Ubangiji a gafarta mana kamar yadda muke gafarta wa masu yi mana laifi. Cikin duk roƙe-roƙen addu'ar nan, wannan kaɗai Yesu ya dawo ya yi wa ƙarin bayani da zarar ya gama (Matiyu 6:14-15): in ba ku yafe wa mutane ba, Ubanku ma ba zai yafe muku ba. Magana ce mai nauyi, ban kuwa ga hanyar da za a sassauta ta ba.

2. Sau nawa zan yafe wa mutum ɗaya?

Bitrus ya riga ka yin tambayar. Ya ce ko sau bakwai ya isa, Yesu ya ce masa bakwai har sau saba'in (Matiyu 18:21-22), wato a daina ƙirge. Sai ya ba da misalin bawan da sarki yake bi talanti 10,000. Dinari ɗaya shi ne ladan aikin yini guda na lebura, talanti ɗaya kuwa kusan dinari 6,000 ne. Bashin ya kai dinari miliyan 60 ke nan, abin da ko jikokin jikokinsa ba za su iya biya ba. Sarki ya ji tausayinsa ya yafe duka. Fitarsa ke da wuya ya ci karo da ɗan'uwansa bawa wanda yake bi dinari 100, ya shaƙe shi, ya sa aka kulle shi.

A lura, dinari 100 ba kuɗin wasa ba ne, ladan aikin fiye da wata uku ne. Yesu bai raina abin da aka yi maka ba. Abin da ya yi shi ne ya ajiye shi kusa da abin da aka yafe maka, ya ce ka dubi biyun tare. Amma yawan yafewa bai hana ka kare kanka daga mai maimaita cuta ba. Duba tambaya ta 8.

3. Fushi zunubi ne?

Ba kowane fushi ba. Yesu kansa ya dubi masu taurin zuciya da fushi (Markus 3:5), wanda kuwa aka zalunta bai ji komai ba, akwai abin dubawa a lamarinsa. Afisawa 4:26-27 ta yarda za a yi fushi, sai dai ta sa masa iyaka: kada rana ta faɗi kuna kan fushi, kada ku ba Iblis ƙofa. Riƙo shi ne fushin da aka kwana da shi, aka tashi da shi, ana ta ciyar da shi da tunani har ya zama hali. Tun a Littafin Firistoci 19:17-18 aka haɗa abu biyu wuri ɗaya: ka tsauta wa ɗan'uwanka a fili, kada kuma ka ƙullace shi. Mu kuwa sau da yawa juyawa muke yi, mu ce “ba komai” a fuska, mu ajiye a ciki.

4. Mene ne haɗarin riƙo, tun da ban taɓa kowa ba?

Karanta 2 Sama'ila sura 13. Amnon ɗan Sarki Dawuda ya yi wa Tamar, ƙanwarsa da suke uba ɗaya, fyaɗe. Dawuda ya ji, ya husata ƙwarai, amma bai hukunta ɗansa ba. Absalom, wan Tamar, bai ce wa Amnon uffan ba, ko mai daɗi ko marar daɗi, har shekara biyu cur. Wanda ya gan shi sai ya ce yaron nan mai haƙuri ne. Ranar bikin sausayar tumaki ya gayyaci 'yan'uwansa, ya jira Amnon ya sha ya yi nak, ya sa barorinsa suka kashe shi. Daga nan sai gudun hijira, sai tawaye ga ubansa, sai yaƙin da ya ci ran Absalom ɗin kansa. Dalilin fushinsa gaskiya ne, Tamar an cuce ta. Shirun Dawuda ma yana da nasa alhaki, kuma iyaye da shugabannin da suke danne magana su ji wannan. Amma shekara biyun nan na dafa abu a ciki su suka mai da ɗan'uwa mai kishin ƙanwarsa ya zama mai kisa. Haka Hirudiya ta riƙe Yahaya Mai Baftisma a zuci har ta sami ranar da ta karɓi kansa a faranti (Markus 6:19-28).

Yawancinmu ba za mu kai ga kisa ba, amma ɓarnar tana nan. Addu'a takan yi nauyi, shi ya sa Yesu ya ce in kun tsaya yin addu'a ku yafe (Markus 11:25). Barci yakan ƙaurace, mutum ya kwana yana maimaita gardamar da aka yi bara. Ibraniyawa 12:15 ta kira abin tushen ɗaci, ta kuma ce in ya tsiro yakan ƙazantar da mutane da yawa. Wannan ne ya fi ba ni tsoro. Wa da ƙane sun yi rigima kan gonar gado a ƙauye, yau 'ya'yansu suna makaranta ɗaya a Jos ba sa gaisawa, in ka tambaye su abin da ya haɗa su ba su sani ba, sun dai ji Mama tana cewa kada a ci abinci a gidan su wane.

5. Yaya zan gane ina riƙo? Ni dai na ce na bar wa Allah.

“Na bar shi da Allah” tana iya zama yafiya, tana kuma iya zama baki da aka lulluɓe da ibada. Ka tambayi kanka: da za ka ji Allah ya yi masa jinƙai ya albarkace shi, za ka ji daɗi ko haushi? In aka ambaci sunansa, ƙirjinka yana ɗaurewa? In ka ji wata masifa ta same shi, akwai ɗan sanyi da kake ji a ɓoye? Kana ba da labarin abin da ya yi ga duk wanda ya zauna kusa da kai?

A majami'a ma ana gani. Mata biyu a Zumunta, zane iri ɗaya, ɗankwali iri ɗaya, ɗaya tana buga tulu ɗaya tana ba da waƙa, amma tun rigimar kuɗin adashe ba su ƙara haɗa ido ba. In aka ce a gaisa da na kusa, sai ɗaya ta sunkuya tana neman wani abu a jaka har a gama. Kowa ya sani, ba mai magana. In kin ga kanki a nan, Mama, duba tambaya ta 11.

6. Dole sai na manta kafin a ce na yafe?

A'a. Ba wanda yake iya goge tunaninsa da umarni. Inda Allah ya ce ba zai ƙara tunawa da zunubanmu ba (Irmiya 31:34), alkawari ne cewa ba zai sāke tayar da su a kanmu ba. Yusufu bai manta ba. Bayan shekaru masu yawa, da ubansu ya rasu 'yan'uwansa suka zo a tsorace, ya faɗa musu kai tsaye cewa mugunta suka nufe shi da ita, amma Allah ya nufe ta da alheri, sa'an nan ya ɗauki nauyin ciyar da su da 'ya'yansu (Farawa 50:15-21). Abin da ake nema shi ne ka daina jawo tsohon laifi kana dukan mutum da shi duk lokacin da kuka saɓa. In zafin ya dawo bayan ka yafe, wannan bai nuna ka yi ƙarya ba. Ka sāke miƙa shi ga Allah, ko sau nawa ne.

7. Bai tuba ba, bai ma yarda ya yi laifi ba. In yafe masa?

A nan malamai sukan ɗan bambanta, domin Luka 17:3 ta ce in ɗan'uwanka ya yi laifi ka tsauta masa, in ya tuba ka yafe masa, alhali Markus 11:25 ba ta sa sharaɗi ba. A ganina ayoyin ba su yi karo ba. Akwai abin da yake tsakaninka da Allah: sakin ramuwa da ƙiyayya. Wannan ba ya jiran kowa. Yesu ya roƙa wa masu gicciye shi gafara suna cikin raba tufafinsa (Luka 23:34), Istifanas ma ya yi haka duwatsu suna sauka a kansa (Ayyukan Manzanni 7:60). Akwai kuma sulhu, wato zumunci ya koma yadda yake, shi kuwa sai da mutum biyu, sai da gaskiya, sai da tuba. Bulus ya san haka, shi ya sa ya ce in mai yiwuwa ne, gwargwadon abin da yake hannunku, ku yi zaman lafiya da kowa (Romawa 12:18). In ka jira sai ya zo ya durƙusa kafin zuciyarka ta huta, ka ba shi ikon ci gaba da cutar da kai daga inda yake.

8. In na yafe, dole in koma in amince da shi kamar dā?

Yafiya kyauta ce, amana kuwa sai an gani a hali. Dawuda ya sami dama sau biyu ya kashe Saul ya ƙi, Saul har da kuka da cewa ya yi kuskure, amma Dawuda bai koma fāda ya zauna ba (1 Sama'ila 24 da 26). Yusufu ya gwada 'yan'uwansa ta kan Biliyaminu kafin ya bayyana kansa. Ma'ajin da ya ci kuɗin ikilisiya za a iya yafe masa, a karɓe shi bayan horo, amma ba hikima ba ce a sāke ba shi makullin akwatin baiko.

Ga matar da mijinta yake dukanta, bari a faɗa ƙarara: yafiya ba ta ce ki zauna a kashe ki ba. Ki tsira da ranki da na yaranki, ki sanar da danginki da dattawan ikilisiya, in abin ya kai ki sanar da hukuma. Kina iya yafe masa daga gidan iyayenki. Fasto ko dattijon da ya ce “ki yi haƙuri ki koma” ba tare da ya tsawata wa mijin ya kuma ga canji ba, ya ɗora wa mai rauni kayan mai ƙarfi. Haƙuri maganin zaman duniya ne, amma ba a ce shi kaɗai za a ba wanda ake zubar wa jini ba.

9. Kai ƙara wurin hukuma ya saɓa wa yafiya?

Romawa 12 ta hana mutum ramawa da hannunsa, sura ta 13 kuma nan take ta ce mai mulki bawan Allah ne don hukunta mai mugunta. Tare ake karanta su. Bulus kansa bai bar haƙƙinsa na ɗan ƙasar Roma ba: a Filibi ya ƙi fita kurkuku a ɓoye sai da mahukunta suka zo da kansu (Ayyukan Manzanni 16:37), daga baya ya ɗaukaka ƙara zuwa ga Kaisar. A kan rigimar kuɗi da dukiya tsakanin masu bi, 1 Korintiyawa 6 ta fi son a sasanta a cikin ikilisiya, kuma sau da yawa hakan ya fi sauƙi da rufin asiri. Amma kisa, fyaɗe, da lalata yara ba abin da za a binne a ofishin fasto ba ne da sunan kada a ɓata sunan coci. Mai irin wannan laifi, in aka rufa masa asiri, zai sāke yi wa wani. Kana iya ba da shaida a kotu zuciyarka ba ƙiyayya. Bin bashinka ma ba laifi ba ne, sai dai in wanda kake bi ba shi da ko na abinci, ka koma ka karanta tambaya ta 2.

10. An kashe mini mutane a rikici, an ƙone gidanmu. Har su ma?

Wannan ba tambayar da za a amsa da gaggawa ba ce. Garin Jos ya ga rikicin 7 ga Satumba 2001, ya ga na Nuwamba 2008 da na Janairu 2010, ya ga kisan ƙauyen Dogo Nahawa a Maris 2010, da bama-baman jajibirin Kirsimeti na wannan shekarar. A 2012 an kai hari hedikwatar cocin COCIN a Fabrairu, da cocin St. Finbarr's na Rayfield a Maris. A Mayu 2014 bam ya tashi a kasuwar Terminus, bai tambayi addinin kowa ba. Musulmi ma sun binne nasu, a Yelwa a 2004, a Kuru Karama a 2010. An kafa kwamitocin bincike, na Mai Shari'a Niki Tobi da na Bola Ajibola, mutane da yawa kuwa har yau suna kukan ba su ga an hukunta masu laifi ba. Wanda bai rasa kowa ba ya yi hattara da yadda yake wa'azin yafiya ga gwauruwa. Littafi Mai Tsarki ya ba ta wurin kuka: Zabura 13 tana tambayar Allah har yaushe, waɗanda aka kashe saboda shaidarsu ma suna yin tambayar a Wahayin Yahaya 6:10. Kuka da neman adalci ba rashin bangaskiya ba ne (duba tambaya ta 9).

Duk da haka umarnin Yesu a Matiyu 5:44 bai cire kowa ba: ku ƙaunaci maƙiyanku, ku yi wa masu tsananta muku addu'a. Mataki na farko da zan roƙa shi ne kada a ɗora laifin masu kisa a kan duk wanda ya yi kama da su. Mai nama ko mai shayin da kake wucewa kullum ba shi ya ƙone gidanka ba. A Yuni 2018, a Nghar ta ƙaramar hukumar Barkin Ladi, limami Malam Abubakar Abdullahi ya ɓoye fiye da mutum 200, yawancinsu Kirista, a masallaci da gidansa, ya tsaya a ƙofa ya ƙi miƙa su. A Kaduna, Fasto James Wuye ya rasa hannunsa na dama a rikicin 1992, Imam Muhammad Ashafa ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa biyu. Sun daɗe kowa yana ganin ɗayan maƙiyi, daga baya suka yi aiki tare, har suka shiga tsakani a sulhun Yelwa da Shendam a 2005.

Gwamnatin Filato a zamanin Simon Lalong ta kafa hukumar gina zaman lafiya a 2016, ta kuma ware 7 ga Fabrairu ranar yafiya da sulhu. Abu ne mai kyau, amma aikin yana cikin gidaje. Akwai yaran da aka haifa bayan 2001, yau manya ne, ba su taɓa taka wasu unguwannin garinsu ba, sun gaji tsoro da ƙiyayyar da ba su ga farkonta ba. Abin da kake faɗa a gaban 'ya'yanka in ana labarin rikici, shi za su ɗauka. In addu'ar albarka ta fi ƙarfinka yanzu, fara da “Ya Ubangiji, ban iya ba, ka taimake ni.” In kuma mafarkai da firgita ba sa barinka, ka nemi masu ba da shawara kan raunin zuciya ko likita, wannan ba abin kunya ba ne.

11. Ta ina zan fara a aikace?

Fara da faɗa wa Allah abin da aka yi maka da sunansa, ba kwana-kwana. Sa'an nan ka bi Matiyu 18:15-17 yadda aka jera ta: ka je wurinsa kai da shi kaɗai, in bai ji ba ka ɗauki mutum ɗaya ko biyu, in ya ƙi, sai ikilisiya. Yawancin rigingimunmu daga mataki na uku suke farawa, ko ma daga habaici a WhatsApp da Facebook, wanda ake nufi kuwa shi ne na ƙarshen ji. Ka je da ƙafarka, a lokacin da ba taro. Ka gaishe shi yadda ya dace da shekarunsa, ka faɗi abu ɗaya da ya yi da yadda ya taɓa ka, ban da tono na shekara goma. In babba ne, Baba ko Kawu, wanda al'ada ba ta bari ka fuskance shi kai tsaye, ka nemi dattijon da yake jin maganarsa ya raka ka. In kuwa zuwa wurinsa haɗari ne gare ka, kada ka je kai kaɗai. Bayan haka ka kama bakinka daga yaɗa maganar, domin inda ba itace wuta takan mutu (Karin Magana 26:20).

12. Ni ne mai laifin. Me zan yi?

Kada ka jira a zo maka. Matiyu 5:23-24 ta ce in kana miƙa baiko ka tuna ɗan'uwanka yana da wata magana game da kai, ka bar baikon, ka je ku shirya tukuna. Ka faɗi laifin da bakinka. “In na ɓata maka rai ka yi haƙuri” ba neman gafara ba ne, domin “in” ɗin nan ya janye rabin maganar. Ka mayar da abin da ka ci: Zakka ya yi alkawarin biya ninki huɗu ga duk wanda ya zalunta (Luka 19:8). In a gaban mutane ka ɓata masa suna, a gaban mutane za ka gyara. Kada kuma ka matsa masa da ayoyi ya yafe maka nan take. Kai ba ka da bakin yi masa wannan wa'azin. In ka tuba da gaske, gafarar Allah tabbatacciya ce (1 Yahaya 1:9), ko shi ɗan'uwan bai sauko ba tukuna.

13. Zan iya cin Jibin Ubangiji alhali ina gaba da wani?

1 Korintiyawa 11:28 ta ce kowa ya gwada kansa kafin ya ci, kuma rarrabuwa ce ta jawo wannan gargaɗi a Korinti. In ka ƙudura ba za ka taɓa yafewa ba, ka dakata ka gyara. Amma mai fama, wanda yake so ya yafe zuciyar tana ja da baya, ko wanda ya je neman sulhu aka rufe masa ƙofa (tambaya ta 7), bai kamata ya guje wa teburin ba. Abin damuwa shi ne wanda ya shekara yana tashi ya fita duk ranar Jibi, ya zaɓi gabar a kan teburin. Tsarin ya ɗan bambanta tsakanin COCIN, ECWA, Katolika, Angilikan da sauransu, don haka ka zauna da fastonka ko fada (limamin coci) ka buɗe masa maganar.

14. Wanda ya cuce ni ya mutu. Yaya zan yi?

Sulhu da shi ya wuce, amma sakin haƙƙin yana hannunka, tun da wannan tsakaninka da Allah ne. Wasu sukan rubuta duk abin da suka so faɗa masa, su karanta cikin addu'a, su ƙone takardar. Wasu sukan faɗa a gaban fasto ko amintaccen aboki, don wani ya ji da kunnensa cewa abin ya faru. In uba ne ko uwa, ba rashin biyayya ba ne ka yarda sun cuce ka. Sai ka duba ko ka juya fushin kan waɗanda ya bari, matarsa ko 'ya'yansa, domin Ezekiyel 18:20 ta ce ɗa ba zai ɗauki laifin ubansa ba. In akwai gona, fili ko bashi da ya rage tsakaninku, a kira dattawan dangi a raba shi a rubuce, da shaidu, tun waɗanda suka san asalin maganar suna da rai.